Zannuwan Tagar Baba

Ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin ƙasar mutane? Yaya Hauwa da yara? Mu nan Sabon Birni sai haƙuri.

Rasuwar Baba ka ji ta a waya, amma akwai abin da kuka ya hana ni gaya maka. Tun da anka yi mai aikin ido, haske ya riƙa sara mai kai. Sai ya tuna bayaninka na girafin, abin nan da ya fi ɓawon albasa siranta, wanda kuke jerawa hawa-hawa cikin gilashi don ku rage haske ko ku sake shi. Ya sa munka rataya zannuwan Inna a taga, wani bisa wani. Da hantsi a ƙara, da la'asar a rage. Kowa ya zo dubiya sai ya nuna mai, ya ce, "Aikin Bello nika yi, kafin shi kawo min tabarau."

Jiya Inna ta sauke zannuwan. Rana ta cika ɗakin, ba wanda ya ce a rufe.

Za ni zauna wurinta har ta fita takaba. Ka gaishe da iyali. Ka yi ma Baba addu'a, Allah shi haskaka kabarinsa.

Yayarka,
Rabi