Landirobar Saja Ɗanhausa

Kai mai karatu, matso in ɗaure maka ƙulli kafin ka buɗe takardun nan. Kaurinsa bai kai ɓawon albasa ba. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba ya magana. Masu bindiga sun shekara bakwai suna kai-komo a dajinmu ba su raba ni da ɗakina ba, shi ko wuni ɗaya ya ishe shi, ya haɗa da garin baki ɗaya. Mene ne? Ni Tani, matar marigayi Saja Ɗanhausa, ni na ɗaure. Ga wasiƙun da muka yi da jikana Mas'udu, karanta ka kwance.

*

Ƙauyenmu, bayan Mabai, ƙasar Ƙanƙara
Satumba, 2021

Zuwa ga maigidana ɓarawo, Mas'udu, a Zariya.

Sallama irin ta Musulunci. Ina gaishe ka, ina gaishe da Fatima Zahra'u da yara. Mu nan lafiya, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa.

Tunda gwamnati ta kashe wayoyin ƙasar nan, na ce bari in ciro biro in ga ko karatun yaƙi da jahilci yana nan. Yana nan. Salihu direba zai kawo maka, kada ka ba shi ko ruwa, ya sha furata.

Ya kawo min hoton da ka aiko. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, na ce da kawunka Rabo, wanga jakin na wane ne? Ya ce motar Baba ce. Na ce ƙarya kake. Shekara biyu ke nan da ka lallaɓo ina can Faskari wurin suna, kuka ɗaure ta da igiya kuka ja ta kamar gawar raƙumi. Na dawo na tarar da fili da kajina tsaye suna kallon juna. Shekara talatin suna ƙwai a ƙarƙashin sitiyarin nan. Har yau wake-waken nan ba ta yafe maka ba, a tukunyar miya take neman yi. To duk shekara biyun nan abin da ka iya ke nan, ka mayar da ita toka-toka?

Landirobar Saja koriya ce, yaro. Ranar da ya sayo ta a gwanjon soja bayan ya ajiye kaki, ya shigo da ita garin nan koriya shar, har liman sai da ya leƙo. A cikinta na je awon ubanka. In kai namiji ne ka mayar mata da launinta, in ba ka iya ba ka maido wa kaji abinsu.

Salihu ya ce ka ce in tattara in koma Zariya. Ka ji mutum! A ɗakin nan Saja ya cika, ta ƙofar nan aka fitar da shi, ta nan za a fitar da ni. Kada ka sake ɗauko zancen.

Taka har kullum, ko da ba ka ɗinka min ko ɗankwali ba,
Tani

*

Zariya
Satumba, 2021

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Rabo da iyalinsa.

Hajiya, abin da kika gani a hoto shafen farko ne, wanda ake yi don tsatsa. Ba a gama ba. Ina so ki fahimci cewa wannan ba motar kaji ba ce. Cikin tsoffin motocin soja guda biyar da na tara, babu kamarta, kuma masu wannan harka da suka zo daga Kaduna sun tabbatar min irinta ta yi wuyar samu. Injin na sauke shi gaba ɗaya. Lagireto da akwatin giya sai a Sabuwa na samo su, a jikin wata da ta mutu a bayan gidan wani tsohon malamin daji. Sau uku ina zuwa kafin ya yarda. Ranar Talata ta tashi, bugu ɗaya. Da kin ji ƙararta da kin daina zancen ƙwai.

Maganar launi, na riga ki. Da na cire kujerar direba na tarar da wani wuri da rana ba ta taɓa ba, ainihin koren yana nan. Na yanko shi na kai wa mai haɗa fenti.

Abu biyu suka rage, kuma suna hannunki. Na farko ƙaramar tagullar nan mai lamba da ke manne kusa da giya, wadda Kawu ya ce ke kika ɓamɓare. Ita ce shaidar cewa motar ta soja ce ta asali. In babu ita, kowa zai ce haɗi ne. Na biyu hular kwanon Saja. Don Allah ki ba Salihu.

Zancen tahowarki kuwa ba zan bari ba. Ɗaki yana nan da fanka.

Ki huta lafiya. Jikanki,
Mas'ud Abdulƙarim

*

Ƙauyenmu
Oktoba, 2021

Zuwa ga angon ƙarfe,

Ina amsa sallamarka. Na ga har sunanka ka yi wa kwaskwarima, ka yanke masa wutsiya. Mu dai Mas'udu muka raɗa, mai fitsarin kwance har shekara tara.

Tagulla tana nan. Da ita na toshe ramin ɓera a bayan gadona, kuma aikinta take yi. Hular kwano agwagi ke shan ruwa a ciki. Ba zan ba Salihu ba. Ina aka taɓa yin haka, miji ya aiko direba ya karɓo kaya wurin matarsa? Ka taho da ƙafarka, da goro, ka durƙusa ka ce Tani na yi sata, ki yafe. Sannan in duba.

Wai bugu ɗaya ta tashi. Ni ban ji ba. Tun kana goye ka iya ƙarya.

In za ka taho ka biyo Salihu, ka sa tsohuwar riga. Akwai maganar da ba a sa ta a takarda, kawunka ya hana, don ba a san hannun da takarda ke bi ba. In ka zo ka ji da kunnenka.

Taka,
Tani

*

Ƙauyenmu
Nuwamba, 2021, ranar Litinin

Mas'udu,

Sallama. Karanta wannan a tsaye.

Na ce ka taho da ƙafarka, sai ka taho da motar. Koriya shar, da tamfol sabo, da taya a kan hanci, ana saukowa daga Juma'a. Ka zagaye gari sau biyu kana danna ham. Yara suna sara maka, matan gidan Sagiru maƙwabcinmu suna guɗa, wai soja sun zo. Ba zan yi maka ƙarya ba, da ka buɗe min ƙofa na shiga. Na ji warin kujerar, na ji ƙarar nan tata mai kamar tari, na manta shekaruna, har ina ɗaga wa mutane hannu. Na ga fuskar Rabo a bakin masallaci, na kawar da kai. Shi ne ya hana ka ko zama, ya cusa maka tagullarka ya ce ka kama hanya tun da rana. Ka tafi kana fushi wai an yi maka wulaƙanci.

To ga maganar da aka hana ni rubutawa, yanzu ko wa ya karanta. Tun bara garin nan ya yi sulhu da mutanen daji. Sharaɗin ɗaya ne babba: su bar mu mu yi noma, mu kuma kada mu kira musu soja. Da shi muka shuka, da shi muka yi noman fari da maimai.

Jiya da hantsi suka zo, babura sun fi ashirin. Suka tara maza a gindin tsamiya. Babbansu ya ce an gaya masa motar soja ta shigo ta leƙa gari, ta tsaya a ƙofar gidan Saja. Rabo ya ce tsohuwar motar ubansa ce, ɗan wansa ya gyara. Mutumin ya yi dariya ya ce, tsohuwar mota ce ke ƙyalli? Suka kwantar da shi a gaban 'ya'yansa. Hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Na fita ba mayafi na ce ni na shiga motar, ni za a tambaya. Ya ce, Iya koma ciki, ba na dukan abin da ya riga ya mutu.

Ga abin da suka yanke. In ba ta soja ba ce, a kawo ta gindin tsamiya su gani da idonsu, su sa mata wuta a gaban kowa, magana ta wuce. In Lahadi mai zuwa ta yi ba a kawo ba, kowa ya fita da abin da kansa zai iya ɗauka. Dawa tana tsaye a gona, ko zangarniya ba a yanka ba.

Ba sai ka shigo ba. Ka kawo ta Ƙanƙara, Salihu ya ce zai ƙaraso da ita. Ban taɓa roƙonka komai da gaske ba, duk wasa ne. Wannan ba wasa ba ne. Ƙarfe ne, Mas'udu. Ka kawo.

Kakarka,
Tani

*

Zariya
Nuwamba, 2021, ranar Alhamis

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, kuma hankalina ya tashi ƙwarai. Allah ya ba Kawu lafiya. A kawo shi nan, na yi magana da mai ɗori.

Hajiya, na kwana biyu ina nazari, na kuma yi shawara da masu hankali. Abin da kike nema ba zai yiwu ba. Wa ya ce miki in sun ƙone ta za su tsaya? Wa ya ce ma za su ƙone ta? In suka hau ta suka shiga wani gari da ita, sunana ne a takardunta, ni za a kama. Sannan ki duba, shekara biyu ina kan motar nan. Na sa tagullar a mazauninta ranar Asabar, yanzu ta cika, babu abin da ya rage mata. Abin tarihi ne, ba namu kaɗai ba. Ba zan miƙa wa jahilai su yi wasan wuta da ita ba. Saja da kansa ba zai yarda ba.

Kuma a yi adalci. Na haɗo miki da wasiƙunki biyu na farko, ki sake karantawa. Ke kika ce in ni namiji ne in mayar mata da launinta. Ke kika ce ba ki ji ta tashi ba. Ke kika ƙi ba Salihu tagulla. Da kin faɗa min gaskiya a fili maimakon zolaya, da ban zo da ita ba.

Wataƙila ma alheri ne. Shekara nawa ina cewa ki bar ƙauyen nan? Ɗaki yana nan.

In za ki taho, don Allah kada ki manta da hular kwanon. A gaggawar ranar nan ban ɗauko ba.

Ki huta lafiya. Jikanki,
Mas'ud Abdulƙarim

*

Faskari
Disamba, 2021

Zuwa ga Alhaji Mas'ud Abdulƙarim,

Sallama. Da fatan mota tana lafiya.

Mun fito ranar Lahadi da walaha. Ban fita ta ƙofa ba, don mutanen daji sun fara sa wuta ta gaba. Ta katangar baya 'ya'yan Rabo suka miƙa ni kamar buhun gero. Daga kan tudu muka tsaya muka ga mutanensu suna shiga dawarmu da shanu.

Muna zaune a wani kangon shago a bayan kasuwa, mu goma sha ɗaya. Hannun Rabo ya ɗoru a karkace, ba zai ƙara riƙe fartanya ba. Ya ce a gode maka da mai ɗorinka. Hajaratu matar Sagiru, wadda ta fi kowa guɗa ranar nan, ta haihu a hanya, abin bai zo da rai ba. Mutanen garinmu in sun gan ni a bakin famfo sai su matsa, su bar min layi ni kaɗai. Ban taɓa samun girma irin wannan ba.

Na karanta wasiƙun da ka maido. Hannuna ne, ban musa ba. Ɗakinka mai fanka ka sa mota ta shida a ciki. Hular kwano tana can inda agwagi suka bar ta, ka san hanya, je ka ɗauko.

Yaran da muka fito tare ba su da makaranta, sai su taru a kaina in yi musu wasa ƙwaƙwalwa. Akwai ƙulli ɗaya da nake ɗaure musu kullum, na abin da bai kai ɓawon albasa kauri ba amma ya tashi gari. Wani ya ce aljani, wani ya ce tsoro, wata ta ce Kaka ke ce. Na ce ta kusa, amma ba ta ci ba.

Fenti ne. Koren fenti, shafi biyu, a jikin Landirobar Saja.

Tani