Ni na mayar da 6.6 ta koma 7, amma wata aka dakatar

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana tara ke nan wata magana tana damuna.

A Dutse nake, aikina rubuta manhajar kwamfuta a ɗan kamfanin Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya ɗauke ni bayan na shekara biyu ina zaman kashe wando. Bara muka yi wa wasu ƙananan asibitocin karkara manhajar awon ciki, can wajen Buji, aka raba wa ma'aikata kwamfutar hannu aka ce an daina rijistar takarda. In mai ciki ta zo a auna yawan jininta a shigar da lambar, in ta gaza 7 sai allo ya yi ja, takardar tura ta babban asibiti ta fito.

Ga inda na tafka ta'asa. Gurbin da na ware wa lambar nan na cikakkiyar lamba ne, ba ya ɗaukar ɗigo. Duk wanda ya san aikin ya sani, 8.0 za ta koma 8 ba a rasa komai ba, amma 6.6 ba ta shiga irin wannan gurbi sai an taɓa ta. Shi ya sa manhajar take ƙin karɓa duk sanda aka sa lamba mai ɗigo, kuma gaskiyarta. Ma'aikata suka dame mu da waya, Kawu ya kira ni ya wanke ni tas, wai jibi waɗanda suka ba mu kwangilar za su zo dubawa ni kuma ina masa iyayi. Na ce gyaran gaskiya sai an canza gurbin, kwana huɗu zai ci, ya ce shi bai san wannan ba, ta karɓi duk abin da aka ba ta kawai. Zuciya ta ɗebe ni, na cire shingen, na sa ta riƙa tura kowace lamba zuwa cikakkiya mafi kusa. Minti goma na yi. Na ce zan dawo in gyara, wata bakwai ban waiwaya ba.

Watan jiya wata mata ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata, ta rasu a hanyar Dutse, Allah ya jiƙanta. Ungozomar da ta yi mata awo, zan kira ta Hajiya, ta ce 6.6 ta gani kuma ita ta shigar, har ta ce wa mijin ya kai ta Dutse. Amma manhajata ta mayar da ita 7, allo bai yi ja ba, takarda ba ta fito ba, mijin ya ce tunda kwamfuta ba ta ce komai ba a bari a gama girbi. Na san ajali na Allah ne, ba sai an tuna min ba, amma wallahi na san ta hannun wa sababin ya biyo.

Yanzu kwamitin da ke binciken rasuwar ya duba ya ga 7, an dakatar da Hajiya, wai ko dai ta shigar ba daidai ba ko ƙarya take yi don ta kare kanta. Na sami Kawu na faɗa masa komai. Ya ce in gyara shiru in rufe bakina, in maganar ta fita kamfani ya mutu, mutum shida ke ci a nan, kuma in je in yi wa mahaifiyata bayanin yadda na tozarta ƙaninta. Gyara kam na gyara, amma lambobin da manhajar ta riga ta sauya ba sa dawowa. Duk 7 da ke ciki yanzu ban san wadda asalinta 6.5 ce ba da wadda 7.4 ce, kuma wasu matan har yau da cikinsu suke yawo. Ba yadda za a kira su a sake awo ba tare da an faɗi dalili ba.

Shekaranjiya Hajiya ta zo ofis da kanta, ta haura shekara ashirin tana karɓar haihuwa, sa'ar mahaifiyata ce. Ta ce, "Ɗana, duba min da kyau, ku kuka san kan abin nan." Na juya mata allo ta ga 7. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce to wataƙila idonta ne ya fara rauni, in kuwa haka ne gara ta ajiye aikin kafin ta sake kashe 'yar wani. Har godiya ta yi min, ni kuma na raka ta bakin ƙofa na bar ta ta tafi tana ɗauke da laifina. Na tsani kaina.

Ranar Litinin za ta sake zama gaban kwamiti, kuma ta ce da takardar ajiye aiki za ta je. In bi ta in faɗi gaskiya, Kawu da dangi su yi yadda za su yi da ni, ko akwai wata hanyar da ban hango ba? Ku faɗa min tsakani da Allah, ko zagina za ku yi na yarda, amma ku faɗa kafin Litinin.