Rilwanu Yana Bayana

Mariyamu,

In kin tashi ba ki ga Rilwanu ba, kada hankalinki ya tashi, na goya shi. Jiya yaran ƙungiyar su ƙawarki Rachael suka zo neman mazan da za su zaga Tunga da goyo, don gari ya ga reno ba aikin mata kaɗai ba ne. Samari duk suka noƙe, ni na ɗaga hannu. Ashe numfashin jariri har cikin haƙarƙarinka kake jin sa. Na tsufa ban sani ba.

Zaninki na biki na ɗauka, ki yi haƙuri. Ki biyo mu kafin ya nemi nono, ki taho da almakashi. Ɗaurin buhun gawayi na yi, ya ƙi kwantuwa.

Babanki