Sunan Da Aka Rubuta A California

Cambridge, 4 ga Nuwamba, 1985

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ina fatan hannun nan na hagu ya fara riƙe kofi, kuma Gwaggo Irja ba ta gundure ka da miyar kifinta ba. Mu nan lafiya lau. Mijina Desmond yana gaishe ka.

Baba, wani abu ne ya tsaya min a rai. Ka san hanyar nan da ta haɗa kwamfutocin jami'o'i da na masu yi wa gwamnati aiki. Yanzu an fara ba kamfanoni suna a kanta, sunan kamfani, sai ɗigo, sai "com". Wasu maƙwabtanmu masu ƙera kwamfuta ne suka fara a watan Maris, kuma har yau waɗanda suka bi bayansu ba su cika yatsun hannu ba. Wani ofishi a California ne ke riƙe da rajistar. Duk wanda ya riga rubutawa, suna ya zama nasa.

Ranar Laraba na je ɗaukar takarda a injin bugawa, sai na tarar da kwafin fom ɗin neman irin wannan suna. Adireshinmu ne, lambar wayarmu ce, har da lambar babbar kwamfutar da ka haɗa da hannunka. Amma ba sunan kamfaninmu, Sorvala, aka rubuta ba. Pelkin aka rubuta. Shafi na biyu, inda ake sa sunayen masu kula, an riga an ɗauke shi.

Na kai wa Kawu Conrad. Mutumin da kuka kafa kamfanin nan tare a garejinmu, wanda ya koya min hawan keke, sai ya fizge takardar ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu. Wai, "Haba 'yar gidana, wasan injiniyoyi ne kawai. Ke dai ki ji da ofis." Shekara goma sha huɗu ina tafiyar da ofishin nan, bai taɓa yi min irin wannan magana ba.

Ba sai an faɗa min ba, na ga sunan Conrad Pell a farkon Pelkin. Ina jin so yake ya kwashe kamfanin tun kana kwance. Ka rubuto min abin da zan yi.

Ka gaida Gwaggo.

'Yarka,
Lorna

Cambridge, 19 ga Nuwamba, 1985

Babana,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka addu'ar sauƙi kullum. Ban ga amsarka ba. Sau uku ina bugo waya nan jihar Maine inda kake jinya, Gwaggo tana cewa kana barci. Ban san ka da barcin ƙarfe sha ɗaya na safe ba.

Abubuwa sun ƙara rikicewa. An canja makullin ɗakin kwamfuta, ba a ba ni sabon ba. Idan na shiga wurin shan kofi, injiniyoyi sai su koma hirar ƙwallo, har da waɗanda ba su san dokarta ba. Ranar Alhamis wasu mutum biyu suka zo da huluna irin na mutanen Texas, Kawu Conrad ya zaga da su ko'ina, ya wuce teburina kamar ni ma kujera ce.

Na ce bari in tambayi Desmond, tunda shi ne babban injiniya. Muna cin abinci na ce, "Des, mene ne Pelkin?" Ya ajiye cokali. Da ya ce min bai sani ba, da na yarda. Amma cewa ya yi, "A ina kika ji?" Daga nan ya hau yabon dankalin da na dafa, dankalin da ya ƙone.

Jiya zan kai kwat ɗinsa wurin wanki, na laluba aljihu kamar yadda na saba, sai ga ƙananan katuna masu ɗauke da sunansa: Desmond Keane, Mataimakin Shugaba, Pelkin. Na zauna a bakin gado ina maimaitawa. "Pel" daga Pell, "kin" daga Keane. Kusan makonni uku ina kallon rabin sunan, ashe ɗaya rabin yana kwana kusa da ni.

Na mayar da katunan aljihun. Ba ni da wanda zan yarda da shi yanzu sai kai. Don Allah ka ce wani abu.

'Yarka mai ƙaunarka,
Lorna

Cambridge, 3 ga Disamba, 1985

Baba,

Ina fatan kana lafiya. Da gaske nake wannan fatan, duk da abin da zan rubuta.

Jiya na buga waya ofishin nan na California. Wata mata mai kirki ta ɗauka, na roƙe ta ta karanto min shafi na biyu. Ta ce mai kula da na'ura, Desmond Keane. Wannan na sani. Sai ta ce mai iko da sunan, Eino Sorvala.

Na ce mata ai mahaifina ne, ba shi da lafiya, satar sunansa aka yi. Ta yi dariya ta ce, "A'a, ni da kaina na kira shi a Maine don in tabbatar. Dattijo mai fara'a, har ya tambaye ni ko ana ruwa a wajenmu. Ya ce da saninsa aka yi." Ta faɗa min ranar, ashirin da biyu ga Oktoba. Kwana huɗu bayan nan na zo na aske maka gemu, muka yi hira har la'asar, ba ka ce min uffan ba.

Na shiga ofishin Kawu Conrad na rufe ƙofa. Wannan karon bai kira ni 'yar gidansa ba. Ya ce mutanen Texas za su ɗauki injuna da injiniyoyi a sabon kamfani, za a rufe Sorvala a Janairu, kuma suna da nasu mai tafiyar da ofis. Na ce me ya sa aka ɓoye min? Ya kalli taga ya ce, "Babanki ne ya ce kada ki sani sai an gama. Wai ke ba kya sakin abu."

Wataƙila ka gaji ne. Wataƙila ka ga kamfanin ba zai kai baɗi ba. Da ka zaunar da ni ka faɗa min, da na yi kuka na haƙura. Amma ka bar ni wata guda ina kawo maka ƙarar mutanen da kai ka aike su.

Na sake kiran matar na tambaye ta ko wani ya ɗauki sunan Sorvala a rajistar. Ta ce babu. Yau da safe na cika fom na tura, da sunana a gurbin mai iko. Ban san abin da zan yi da shi ba tukuna. Ba ni da inji, ba ni da injiniya, kuma Desmond tun jiya yana gidan ƙanensa.

Ranar Asabar zan zo ni kaɗai. Ba faɗa zai kawo ni ba. So nake ka dube ni ka faɗa da bakinka, yadda ka faɗa wa baƙuwa a waya.

Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Lorna Sorvala