Baba Ya Cinye Taliya

Yaya Nunzia,

Baba ya ci abinci! Rabonsa da cin kirki tun rasuwar Mama.

Na narkar da 'yan kifin gishiri a man zaitun da tafarnuwa, na juye taliya, sannan da gangan na ɗauko cuku zan gurza a kai. Sai ya zabura: "Kai, jakin banza! Cuku a kan kifi? A gidana?" Ya ƙwace kaskon, ya soya garin burodi ya barbaɗa. Wai ɗanɗanawa zai yi, sai da ya suɗe faranti.

Yaudara ce, na sani. Ko zunubi ce, zan tambayi Fada a coci ran Lahadi.

Na wuce Palermo. Baba yana barci, kar ki tashe shi. Anjima ke ma ki kakkarya taliya a gabansa kafin ki dafa. Kin san ya tsani hakan, zai sake ƙwace kaskon.

Gaspare