Na ga ƙashin ya karkace, na ce wa likita ya yi

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikacin radiyo ne a wani asibiti a Dogon Dutsi, wato mai ɗaukar hoton ƙashi. Muna da wata na'ura mai tayoyi da muke ce wa sikopi, ana tura ta ɗakin tiyata, likita yana gyaran ƙashi ina haska masa, hoton yana fitowa nan take a allo. Ɗakin namu matsattse ne, wayar allon kuma gajera, don haka allon a bayan likita yake tsayawa, sai ya waiga yake gani. Likitan ƙashin ba namu ba ne, zuwa yake yi lokaci-lokaci ya tarar da layi. Ya yarda da ni har ta kai hoton ƙarshe ni yake tambaya.

Kwanan baya aka kawo wani dattijo daga wajen Kore Mairuwa, amalanken jaki ya danne masa hannun hagu, yatsan tsakiya ya karye. Ina shirya shi ya ce, “Ɗana, ku lallaɓa mani yatsan ga, da shi nika ci.” Na ce wace sana'a, Baba? Ya yi murmushi ya ce goge, tun yana saurayi shi ake kira wurin wasan bori. Ni kuwa ga gemu ga ɗangalallen wando, ko kiɗan biki na ji sai na sake hanya. Na ɗaure fuska, na ci gaba da shirya shi.

Aka yi aiki, likita ya sa siririn ƙarfe ya riƙe ƙashin. Na haska daga sama, ya waiga ya gani, ƙashin ya miƙe sarai. Ƙa'ida sai an juya an haska ta gefe, don ƙashi yana iya yin kyau ta sama alhali ta gefe ya lanƙwashe. Na juya na haska. Wallahi na gani da idona, ya karkace. Likita ya sunkuya yana naɗa bandeji, bai waiga ba, ya ce, “Ya yi?” Na ce, “Ya yi, likita.” Na kashe na'urar, hoton ma ban ajiye ba.

Me ya sa? Tun ranar nake tambayar kaina. Na ce gajiya ce, rigar darmar da muke sawa don kariya nauyi gare ta, gumi har cikin takalmi. Na ce tsoron likita ne, mutum ne mai faɗa, ga jama'a a waje suna jira. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalili ba. Abin da nake jin kunyar rubutawa shi ne, a daidai lokacin wani abu ya gifta a zuciyata: to in ma yatsan ya ƙi, ba sai ya huta da kiran iskoki ba? Wai ni ne zan shiryar da mutum da karkataccen yatsa? Wa ya naɗa ni alƙali? Bawan Allah yana kwance an kashe masa hannu, ya ba mu amana, ni da nake ganin na fi shi tsoron Allah na shara ƙarya a kansa. Da tela ne ko malamin makaranta, na san da bakina bai yi nauyi ba.

Shekaranjiya ya zo canjin bandeji, ya neme ni har ɗakin radiyo da ƙwan zabi a ƴar ƙwarya. Ya ce, “An ce kai ka haska musu sunka ga hanya. Allah shi yi ma albarka.” Sannan ya rage murya: “Amma yatsan ga kamar bai zamna daidai ba. Ko hakanan shika yi kahin shi warke?” Na ce, “Haka yake yi, Baba.” Ƙwan yana nan a gida, matata sai tambaya take ko ta soya, ina cewa ta bari.

Na san aikina. Ƙashin bai gama kamawa ba, in an koma yanzu zai gyaru. In aka jira ranar cire ƙarfe, ya riga ya haɗe a karkace, yatsan ba zai ƙara danna tsirkiyar goge yadda ya saba ba. Likitan zai dawo makon nan. Ina iya sake haska hannun in kai masa kamar yau na fara gani, a ce a ƙauye ya goce, a ɗora wa tsoho laifin rashin kula, ni in fita fes. Ko in faɗi gaskiya, likita ya daina yarda da ni, wataƙila aikin ma ya tafi, don ɗan kwantiragi ne ni. Kuma ko na faɗa wa likita, Baba fa? In dubi idonsa in ce na gani na ɓoye saboda gogensa?

Hannun dai za a gyara in Allah ya so, gobe zan aika a kira Baba. Abin da ban sani ba shi ne maganar da zan tare shi da ita idan ya shigo yana sa min albarka. Ƴan'uwa, me zan yi?