Giyar Bana a Kwanon Baba

Zuwa ga yayata Idalina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Amadeu da 'yar lukutarmu Benedita. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin ƙasar Luksambag bai daskarar da bakin nan naki mai faɗa ba. Mu nan ƙalau muke. Gwiwar Inna ce dai ke matsa mata in an yi ruwa, kin kuwa san garinmu, ruwan ba ya hutu. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce wanda aka yi mana a coci ba, shi ma rabinsa a ƙarƙashin benci na yi shi ina ƙulle wa mutane igiyar takalmi.

Maganar gonar inabi ce ta sa na ɗauki biro. Tun rasuwar Baba, Inna ke cewa in giyar bana ta lalace za ta ba maƙwabcinmu hayar gonar, ni kuma ta turo ni wurinku in kama leburanci tare da Amadeu. Ba ganinki nake ƙi ba, Yaya, amma ba can nake so mu haɗu ba.

Ranar bikin San Martinyu, da ake ɗanɗana sabuwar giya, muka buɗe gangar giyar bana. Inna ta gasa 'ya'yan itacen kastanya, Kawu Belmiro ya iso da sandarsa da dogon hancinsa. Na ɗauka shi zai ɗanɗana, sai Inna ta ɗauko farin kwanon tangaran na Baba, mai tsaga a baki, ta miƙo mini. Ni da aikina ɗaukar kwando da tattake inabi, ban taɓa tsayawa na saurari abin da ke bakina ba. Kawu ya ce tunda na ƙware wajen yi wa jama'a tsiya, yau ranata ce. Ya sa na juya baya. Sau biyu zai zuba mini, ɗaya daga gangarmu, ɗaya daga kwalbar nan mai araha ta kantin Olinda, in faɗi wacce ce tamu, in kuma faɗi ko ta yi.

Na karkata kwanon ina juyawa yadda Baba ke yi, in ga ko za ta rina gefensa. Ta farko ta zame ta bar shi kusan fari. Ga laushi, ga ɗan zaƙi, ta wuce maƙogwaro ba gardama, har na ce wannan ko Benedita sai ta yaba. Ta biyu kuwa ta rina kwanon ja wur, ta damƙe mini harshe, tsaminta har cikin kunne. Amma da na kai hanci, sai na ji ƙamshin rigar Baba in ya fito daga ɗakin ganga da yamma. Na shirya in ce Kawu ya wanke ƙafarsa a ciki, sai na fasa. Na tsaya riƙe da kwano kamar wawa, ina tuna ki zaune kan matakala kina ɓare wa Baba kastanya.

Daga baya na ce ta biyu ce tamu, kuma ta fi ta Baba tsami, ba ta da jiki kamar tasa. Kawu ya ce ashe ɗan banzan yana da harshe. Ya ce laifin daga datse rassa ne, domin bara, lokacin jinyar Baba, ni na yi shi, na ji tausayin kurangar inabin na bar mata rassa da yawa, ta yi 'ya'ya fiye da ƙarfinta. Inna ta karɓi kwanon ta kurɓa, sannan ta ce, "Ba ta kai tasa ba, amma ba ta zubarwa ba ce."

Ta yarda ta ƙara mini shekara ɗaya, da sharaɗin wanda ya koya a hannun Baba ne zai yi datsen bana. Idon Kawu ya yi rauni, ba ya bambanta reshe da igiya. Saura ke, da kika yi ta bin Baba da almakashi lokacin da nake bin kajin mutane. Maƙwabcin zai dawo jin amsa bayan Kirsimeti, Inna kuma ta ce amsar tana wurinki. Ki zo a Janairu, ko na mako guda ne. Ki zage ni yadda kika ga dama tsakanin kurangar, zan riƙe miki tsani in yi shiru.

Inna na gaishe ku, Kawu Belmiro da Gwaggo Fernanda ma haka. Ki gaida Amadeu, ki ja mini kumatun Benedita.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Telmo